Sha-kauci iri biyu ne a Yamai: angon damina da angon rani

Duk wanda ke da itace mai fure a tsakar gidansa a nan Yamai, ko mai bin garake na bakin gulbi daga Yantala zuwa Gamkalle har Saga, ya san wani ɗan tsuntsu mai sheƙi, mai siririyar wutsiya doguwa, wanda ba ya iya zama wuri guda. Ya sauka a kan wannan fure, ya tsoma baki, kafin ka dube shi sosai ya koma wancan. Hausawa sun sa masa suna sha-kauci, saboda yawan ganinsa da ake yi a kan furen kauci, watau tsiron nan mai hawa itatuwa yana rayuwa da ruwan jikinsu. Ƴan lakwal da ma'aikata kuwa, in suna Faransanci, sukan ce masa colibri, wasu su ce oiseau-mouche.

Mafi yawan mutane sun ɗauka tsuntsu ɗaya suke gani tun daga farkon shekara har ƙarshenta. To, ba haka ba ne. Masu doguwar wutsiyar nan iri biyu ne. Gari ɗaya suke zaune, itatuwa ɗaya suke bi, amma sun raba shekara a tsakaninsu kamar yadda kishiyoyi ke raba girki. Ɗaya yakan sa tufafin ado ya yi aure da damina. Ɗayan kuwa sai ruwa ya ɗauke, an gama girbi, iskar hunturu ta taso, sa'an nan yake nasa biki. Domin sauƙin magana za mu riƙa kiransu angon damina da angon rani.

Mu fara da angon damina, tun da shi aka fi sani. In yana cikin adonsa, tsanwa ne algashi daga kai har gadon baya, haka ma maƙogwaro da ciki. A tsakiyar ƙirji akwai ja wur kamar an liƙa masa ƙyallen mulufi, kuma dama da hagu na jan nan akwai ruwan ɗorawa. Tsawon jikinsa wajen santimita 10 ne, amma gashi biyu na tsakiyar wutsiya suna zarce sauran da kamar santimita 5. Faransawa suna ce masa souimanga à longue queue. Masana na duniya kuwa suna kiransa Cinnyris pulchellus, kalmar ƙarshe a harshen Latin ma'anarta ɗan kyakkyawa. Shahararren masanin nan na ƙasar Suwidin, Linné, shi ya shigar da shi littafi a shekarar 1766, bisa bayanin da wani Bafaranshe mai suna Brisson ya rubuta a 1760 a kan wani da aka kawo daga Senegal.

Angon rani ya fi shi ƙanƙanta. Shi ma kansa da wuyansa da bayansa tsanwa ne, mai ɗan sheƙin tagulla, amma tsanwar ta tsaya a ƙasan maƙogwaro. Daga nan har gindin wutsiya rawaya ce zalla, babu ko ɗigon ja. In ya juya baya ana ganin shuni mai ɗaukar ido a saman wutsiyar. Jikinsa bai wuce santimita 8 ko 9 ba, sai dai wutsiyarsa ta kusa kai tsawon jikin, har in an auna shi gaba ɗaya yakan kai santimita 16 ko 17, kuma ƙarshen gashin nan biyu yana da ɗan faɗi kamar bakin ƙaramin cokali. Wani Bafaranshe, Vieillot, shi ya sa masa suna a 1819. Yanzu ana kiransa Hedydipna platura, watau a harshen Girka mai cin zaƙi, mai faɗin wutsiya. Da Faransanci kuma souimanga pygmée. Nauyinsa wajen giram 6 ne zuwa 7. Wanda yake son ya ji wannan nauyi a hannunsa, ya ɗauki kwandalar dala ashirin ya ɗora a tafinsa: kusan shi ke nan, har da baki da wutsiya.

Akwai abin da ke ruɗa mai kallo. Sheƙin nan nasu ba irin launin rini ba ne. Yana fitowa ne daga yadda aka tsara ƙananan ɓaworori a cikin gashin, waɗanda ke karya hasken rana su maido shi. Saboda haka tsuntsun da ka gani yana walƙiya a rana, da ya shiga inuwar mangwaro sai ka gan shi baƙi ƙirin, kamar rawanin ɗan Kura wanda ba ya nuna kyansa sai haske ya doke shi. Jan ƙirji da rawayar ciki kuwa ba sa ɓacewa a inuwa. Su ya kamata ido ya fara nema.

Baki shi ne shaida

Duk wannan bayani na maza ne, kuma na lokacin ado. Matan ba su da doguwar wutsiya, ba su da sheƙi. Dukansu biyu ruwan ƙasa-ƙasa ne a baya, da rawaya mai haske a ciki, har wanda ya daɗe yana kallon tsuntsaye yakan yi shakka. Mazan ma in biki ya wuce sukan tuɓe ado su koma kamar matansu. A nan ne karin maganar nan ta Hausawa take aiki, kama da wane ba ta wane, kuma abin da ke raba gardama shi ne baki.

Bakin angon damina da na matarsa dogo ne, siriri, ya lanƙwasa ƙasa kamar ƙaramin lauje. Na angon rani da matarsa gajere ne ƙwarai, kamar ƙayar bagaruwa, lanƙwasarsa kaɗan ce. Tufafi suna sakewa da lokaci, amma baki yana nan yadda yake duk shekara.

Wannan bambanci na baki yana da nasaba da abinci. Mai dogon baki yana iya zura shi cikin fure mai zurfi kamar kwalba, ya kai ga ruwan zaƙi da ke can ƙasa. Harshensu ma dogo ne, naɗaɗɗe kamar bututu, a tsage a ƙarshe, da shi suke janyo ruwan. Mai gajeren baki ya fi sabawa da ƙananan furanni buɗaɗɗu irin na itatuwan ƙaya, inda zaƙin yake kusa, yana kuma tsintar ƙananan ƙwari a tsakanin ganye. In suka gamu da furen da ya fi ƙarfin bakinsu, suna da dabara: sai su huda shi ta gindi su shanye, kamar ɓarawon da ya bar ƙofa ya bi ta katanga. Mai lambu da ya ga ƴar huda a gindin furensa, sau da yawa aikinsu ne.

Yadda suka raba shekara

Kowa ya san a Yamai ruwan sama daga watan Yuni ne zuwa Satumba, kuma abin da ke sauka a shekara yawanci tsakanin milimita 500 ne da 600. Tun kafin ruwan ya kankama, a cikin zafin bazara, angon damina yake fara sake gashi. Da ƙasa ta jiƙa, ciyawa ta fito, ƙwari suka yawaita, sai a gan shi cikin cikakken ado, ya hau ƙololuwar reshe yana rera ɗan kukansa mai sauri, yana korar duk namijin da ya kusanci itacen da ya kama. Faɗan nasu abin kallo ne: tsuntsun da bai fi yatsa ba, amma zuciya kamar ta zakara. Wasu daga cikinsu suna bin ruwa zuwa arewa su yi ƴaƴa a can, su komo kudu bayan kaka. Da rani namijin yakan koma ruwan ƙasa, amma sau da yawa yana riƙe da doguwar wutsiyarsa da ɗan tsanwa a kafaɗa, kamar basaraken da aka tuɓe wa rawani aka bar shi da sanda. Sai dai a garake na bakin gulbi, inda ake ban-ruwa kullum kuma fure ba ya yankewa, akan ga wasu mazan da adonsu har cikin rani. Saboda haka lokaci alama ce mai ƙarfi, amma a haɗa ta da duban ciki da baki.

Angon rani ya juya al'amarin. Wajen Oktoba zuwa Nuwamba ne wutsiyarsa take tsirowa, rawayar cikinsa ta ƙara haske. Cikin ɗari har zuwa farkon bazara yake sheƙa, lokacin da ciyawa ta bushe, ƙura ta rufe gari, kuma mafi yawan ƙananan tsuntsaye sun daɗe da yaye ƴaƴansu. Masu bin sawun tsuntsaye a arewacin Nijeriya sun daɗe da lura cewa baƙon rani ne a wajensu: yakan gangaro kudu bayan damina ya yi ƴaƴa, in ruwa ya kusa ya koma arewa cikin Sahel. Yamai tana kan wannan hanya, shi ya sa wani wata a gan su da yawa, wani wata su yi ƙaranci. Da ya gama renon ƴaƴa sai ya zubar da dogon gashin nan biyu, ya shiga damina ba wanda ya kula da shi.

Mai karatu zai tambaya, ina hikimar yin ƴaƴa da rani, lokacin da kome ya bushe? Amsar tana sama, a kan itatuwa. Ƙasa ce take bushewa da rani, amma itatuwa da yawa na ƙasarmu a lokacin suke fure. Gawo yana sa ganye da fure bayan ruwa ya ɗauke. Kurya tana fitar da manyan furanninta jajaye cikin ɗari, ba ganye ko ɗaya a jikinta. Itatuwan ƙaya da dama, da kaɗanya da ɗorawa can wajen Gaya, duk kafin ruwa suke fure. Inda fure yake kuwa, nan ƙananan ƙwari suke taruwa. Watau angon rani ɗan'uwan gawo ne a hali: yana cin kasuwarsa ranar da sauran suka naɗe tabarma. Ta haka tsuntsaye biyu masu neman abinci iri ɗaya suke zama a gari ɗaya ba tare da sun matsa wa juna ba a lokacin da kowannensu ya fi bukata, watau lokacin ciyar da ƴaƴa.

A wajen gini kuwa ba su bambanta sosai ba. Sheƙarsu kamar ƴar jaka ce a rataye a ƙarshen siririn reshe, da ƙofa a gefe, sau da yawa da ƴar rumfa a saman ƙofar. Yawanci macen ce mai aikin. Takan tara busasshiyar ciyawa da guntayen ganye da ɓawo, ta ɗaure su da saƙar gizo, ta shimfiɗa abu mai laushi irin audugar tumfafiya a ciki. Daga waje sai ka ce tarkace ne iska ta maƙala. Ƙwai ɗaya ko biyu take yi, ita kaɗai take kwanci wajen mako biyu. In sun ƙyanƙyashe, ƙwari da ƙananan gizo-gizo ake ɗura musu, domin ruwan zaƙi kaɗai ba ya gina jiki.

A nan ya kamata iyaye da malaman lakwal su ja kunnen yara masu harbin danƙo. Sha-kauci ba jan-baki ba ne. Ba ya taɓa gero, ba ya taɓa dawa ko shinkafa. Naman da ke jikinsa bai kai loma ɗaya ba, kuma macen da aka harbe a lokacin kwanci, da ita da abin da ke cikin sheƙa aka kashe.

Shi da kauci

Sunan da Hausawa suka ba shi ya nuna sun lura da abin da masana suka zo suka tabbatar daga baya. Furen kauci dogo ne siriri, ja, kamar tsinken ashana, kuma a irin da ya fi yawa a wajenmu ba ya buɗewa sosai da kansa. Yana nan a matse har sai tsuntsu ya zo ya taɓa shi ko ya zura baki ta tsagar gefensa. Nan take sai ya fashe kamar tarko, ya watsa wa tsuntsun garin fure a goshi. Tsuntsun ya sha zaƙinsa ya tashi, ya kai garin nan ga fure na gaba, ta haka kauci yake samun ƴaƴa. Kowa ya biya bukatarsa: wannan ya ƙoshi, wancan ya hayayyafa.

Amma kauci ba abokin mai itace ba ne. Yana kafa saiwarsa cikin reshe, yana shan ruwa da abincin itacen, har reshen ya kumbura ya bushe. In ya yi yawa yakan raunana itacen duka. A Burkina Faso da Mali ya zama babbar cuta ga kaɗanya, kuma masu lemu da gwaba sun san shi. Saboda haka wani mai garka zai ce, ashe tsuntsun nan maƙiyi ne. Gaskiya yana da hannu, tun da shi ne ke ɗaura wa furen aure. Sai dai ba shi ke dasa kauci ba. Masu dasawa wasu tsuntsaye ne masu cin ƴaƴan itace, musamman wani ɗan ƙarami mai rawayan goshi, wanda kukansa ke tashi kamar bugun maƙeri daga nesa, Faransawa na ce masa barbion. Shi yakan haɗiye ɗan kaucin, ya amayo ƙwallon mai danƙo, ya goge shi a jikin reshe, a nan ƙwallon yake liƙewa ya tsiro. Maganin kauci a garka wuƙa ce da gatari: a sare reshen da ya kamu, daga ƙasan kumburin, tun kafin ya yi ƴaƴa. Harbin tsuntsu ba ya rage kome. Ga shi kuma kaucin ba ya rasa masu nemansa, domin makiyaya suna sassabo shi su ba dabbobi da rani, masu maganin gargajiya kuma suna bambanta shi bisa itacen da ya hau, na gawo daban, na tsamiya daban.

Dangi na kusa da na nesa

Angon damina da angon rani gida ɗaya suka fito, amma ba ɗaki ɗaya ba. Gidan nasu babba ne, yana da iri kusan 150, daga Afirka zuwa ƙasashen Larabawa da Indiya har arewacin Ostiraliya. Ko a nan Yamai akwai na uku, wanda ya fi su girma, baƙi-baƙi, mai faffaɗan ja daga maƙogwaro zuwa ƙirji, amma shi ba ya da doguwar wutsiya, ba a cika ruɗa shi da su ba.

Shaƙiƙin angon rani yana gabas. Sunansa Hedydipna metallica, wani Bajamushe mai suna Lichtenstein ya rubuta shi a 1823. Yana zaune a kwarin kogin Nilu a Masar da Sudan, da Eritiriya da Habasha da Somaliya, har ya ƙetare Bahar Maliya zuwa yammacin Saudiyya da Yaman da Oman. Alhajin da ya ga ɗan tsuntsu mai rawayan ciki da doguwar wutsiya a kan itacen ƙaya wajen Jidda ko Ɗa'ifa zai rantse na gida ne ya biyo shi. Kamar tasu ta kai har masana sun yi shekaru suna lissafa su iri ɗaya. Abin da ya raba su a ido siririn zare ne na shuni, kamar tsakiya a wuya, wanda na gabas yake da shi tsakanin tsanwar maƙogwaro da rawayar ciki. Namu ba ya da shi. Angon damina ma yana da irin wannan ɗan'uwa a Kenya da Tanzaniya, mai baƙin ciki a maimakon tsanwa, wanda yanzu masana da yawa suka ware shi da sunansa daban.

Sai maganar colibri. Wannan suna aro ne da bai dace ba. Colibri na gaskiya, waɗanda irinsu ya haura 350, a nahiyar Amurka kaɗai suke, daga Alaska a can arewa har ƙarshen kudancin Ajantina da Cile. Babu ko ɗaya a dajin Afirka. Ba su ma da dangantaka ta kusa da sha-kauci. Danginsu na kusa su ne tsattsewa masu yini a sararin sama. Sana'a ce ta haɗa su kama, tun da duk mashaya fure ne, kamar yadda maƙerin Agadas da maƙerin Damagaram za su yi kanta iri ɗaya a hannu ba tare da sun haɗa kaka ba. Bambancin a bayyane yake wajen sha. Colibri yakan tsaya cik a iska a gaban fure, fuka-fukansa na kaɗawa sau hamsin ko fiye a daƙiƙa ɗaya, har yana iya tashi da baya. Namu yana iya ɗan tsayawa a iska, amma ya fi son ya kama reshe da ƙafa ya sha a natse. Mafi ƙanƙantar colibri yana ƙasar Kuba, nauyinsa wajen giram 2 ne, watau angon rani ya yi ukunsa.

A cikin colibri akwai wani reshe da ya cancanci a ambata, domin matsalarsu irin tamu ce, har ta fi. Faransawa suna ce musu ermite, watau masu halwa, saboda suna zaune a duhun kurmi, tufafinsu ruwan ƙasa, ba ado. Suna da dogon baki lanƙwasasshe, da gashi biyu dogaye masu farin ƙarshe a tsakiyar wutsiya. Mazansu sukan taru a wuri guda su yi ta kuka mata na zuwa zaɓe, kuma kowane yana da jerin furannin da yake zagayawa kullum kamar mai duba tarko. Ɗaya daga cikinsu, Phaethornis superciliosus, Linné ne ya sa masa suna a 1766, shekarar da ya rubuta angon damina, daga wani da aka samo a Kayen ta Guyana ta Faransa. Yana zaune a Benezuwela da ƙasashen Guyana da arewacin Barazil. Wani kuma, Phaethornis longirostris, yana daga Meziko ya ratsa Amurka ta Tsakiya zuwa arewa maso yammacin Amurka ta Kudu. An daɗe ana ɗaukar su tsuntsu ɗaya, sai daga shekarun 1990 zuwa gaba aka raba su bisa ƙananan alamu na jiki da wurin zama. A kurmin Guyana ma na farkon yana zaune tare da wani na uku, Phaethornis malaris, wanda kusan girman jiki da na baki kaɗai suka bambanta su. Idan aka gwada da wannan, aikinmu a Yamai mai sauƙi ne: namu sun rubuta sunansu a ƙirji.

Mu komo gida. Ƙungiyar duniya mai kula da kare halittu, UICN, ta sa tsuntsayen nan biyu a cikin waɗanda ba a jin tsoron ƙarewarsu. Amma tsuntsu yana iya yawa a duniya ya ɓace daga unguwa, kuma abin da ke riƙe da shi a unguwa fure ne. Tun 1965 aka fara dasa katangar itatuwa kewaye da Yamai, wadda ta haura hekta 2000, mafi yawanta dogon yaro. Gine-gine sun ci wani babban yanki nata. Tun 1975 kuma ake dashen itatuwa ranar 3 ga Agusta. Dogon yaro ya yi mana rana, ba mai musun inuwarsa, amma furensa na ɗan lokaci ne. Unguwar da ba ta da kome sai shi tana da abincin tsuntsu na ƴan makonni, sauran shekara yunwa. A ganinmu ya kamata masu raba dashe su riƙa haɗawa da itatuwan da ke fure a lokuta daban-daban: gawo da bagaruwa da aduwa a fili, zogale da lemu a tsakar gida, a kuma daina tuge kowace tumfafiya da ta fito a bakin shinge, tun da ita kusan duk shekara tana fure. Wanda ya dasa na damina kaɗai, ango ɗaya ya gayyata. Amfanin ba na tsuntsu kaɗai ba ne, domin furen da ke ciyar da shi shi ne ke ciyar da ƙudan zuma.

Akwai kuma aikin da ƴan lakwal za su iya yi ba da kuɗi ba. Tsuntsayen da aka lissafa a Nijar sun haura iri 500, wajen 350 daga ciki ana samun su a gandun dajin W. Babban lissafin da aka daɗe ana dogara da shi shi ne wanda Giraudoux da abokan aikinsa suka buga a mujallar Malimbus a 1988, kuma irin wannan lissafi da ganin ido na mutane da yawa ake gina shi. Malamin da ya sa ɗalibansa su rubuta ranar da suka fara ganin doguwar wutsiya da rawayan ciki a farfajiyar lakwal, da ranar da suka daina gani, da itacen da tsuntsun ya sauka, in aka yi haka shekara biyar a Yamai da Dosso da Maraɗi da Tawa, za a ga tafiyar tsuntsun nan a takarda kamar yadda ake ganin sawun raƙumi a rairayi.

Mai son ya gwada idonsa ya fita da sassafe, kafin rana ta yi zafi, zuwa lambun gidan tarihi na Bubu Hama, ko garake na ƙasan gadar Kennedy, ko kwarin Gunti Yena, ya sami itace mai fure ya zauna shiru, rana tana bayansa. A watan Agusta ya nemi jan ƙirji, a Janairu ya nemi rawayan ciki. Lokaci mai wuya shi ne Afrilu da Mayu, sa'ad da ake miƙa girki: angon rani yana zubar da wutsiya, tsanwar wuyansa ta zama dabbare-dabbare, angon damina kuma nasa adon bai gama fitowa ba, ja ɗigo-ɗigo a ƙirji. A waɗannan makonni ana iya samun su biyu a kan zogale ɗaya, kowanne rabi ango rabi talaka, sai mai kallo ya jira ɗaya ya juyo da kansa gefe, a ga tsawon bakin.